Dutsen Askin Suna

Laraba, bayan isha'i

Ɗazu 'yata Hadiza ta turo min hoto daga Ingila: wani tsohon kwanon dutse a coci, wai shekaru aru-aru daga cikinsa suke zuba wa jarirai ruwa a ka. Sai dutsen niƙan Inna na garinmu Kademi, wanda ya lotsa, ya faɗo min a rai. A cikinsa wanzami yake jiƙa hannu ranar suna. Dukanmu da ruwansa aka yi mana aski.

Na kira Yaya Sani, don ina so jikana na fari shi ma a yi masa aski da ruwan dutsen. Ya ce, "Wane dutse kuma? Ai tuni ya shiga fandishon shago."

Su nasu har hoto ake ɗauka. Namu katan ɗin lemo ne a kansa.