Matashin Kai a Akwatin Magani

Litinin, 7 ga Maris, 1983

Yau akwatin taimakon gaggawa ya iso makarantarmu daga Gummi, ɗaure a bayan keken masinja. Fari ne tas, da sabon kwaɗo. A ciki akwai bandeji, auduga, aidin, filasta, almakashi, asfirin da shuɗin maganin nan na gyambo. An haɗo da jajayen bokitai biyu na zuba yashi saboda gobara, da usur guda. Hedimasta, Malam Namadi, ya tara mu malamai huɗu, ya fiddo kayan ɗaya bayan ɗaya kamar ana nuna lefe, ya mayar, ya datse kwaɗo, ya jefa makulli a aljihun gaba. Na ce, "Ranka ya daɗe, in yaro ya ji ciwo ba ka nan fa?" Ya ce, "Malama Janet, kayan gwamnati na. In mai duba makarantu ya ishe auduga ta rage, ni za a tambaya ko ke?" Mutumin kirki ne, amma da zai samu hali har allon bango sai ya kulle.

Alhamis, 10 ga Maris

An gwada usur. In an busa sau uku, kowa ya bar abin da yake yi ya fita a guje, a yi layi a gindin dogon yaro. 'Yan ajina, aji huɗu, sun fi kowa gudu. Kulu 'yar Maiturare ce ta ƙarshe, don ta tsaya tsince mini allin da ya zube. Yarinyar nan! Shekararta goma, amma karatunta ya fi na wasu 'yan aji shida.

Talata, 15 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Muna cikin lissafi Kulu ta yi wata irin ƙara, ta zube tsakanin bencina. Jikinta ya sandare, sannan ya kama fizga, kumfa na fita a bakinta. Wani yaro ya ce, "Farfaɗiya! Kar yawunta ya taɓa ku!" Hedimasta ya ji ihu daga ofis, ya zaci gobara ce, ya busa usur. Kowa ya fita a guje yadda aka koya masa. Har da ni. Ni ce ma ta uku a ƙofa.

Muna tsaye a layi ina jin kanta yana bugun siminti ta taga. Ban motsa ba.

Can ta fito tana dafa bango, zanenta a jiƙe, jini a gefen goshi, tana bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ya buɗe akwati, ya yanko filasta, ya ajiye mata a bakin baranda. Ita da kanta ta liƙa, a karkace.

Laraba, 16 ga Maris

Kulu ba ta zo ba. Na kasa kallon gurbinta.

Juma'a, 18 ga Maris

Halilu, uban Aishatu da ke zama benci ɗaya da Kulu, ya zo da magidanta uku. Ya ce, "In ɗiyar Maiturare ta komo, mu kwashe namu. Randa guda, moɗa guda, wa ka yarda?" Hedimasta ya yi ta ba su baki. Aka tsaya a kan za a ware mata gwangwanin shan ruwa, a ɗaura masa jan zare, a rataye shi nesa da randa, ita kuma ta koma bencin baya. Suka ce za su gani. Dama da ƙyar da lallashi muka samu 'yan mata tara a ajin nan. In Kulu ta fita yanzu, ba mai sake kawo ta.

Lahadi, 20 ga Maris

Bayan sujada a Gummi na tare Baba Theophilus, malamin asibitin nan da ya fi shekara ashirin yana aiki a ƙasar nan. Na gaya masa komai, ban da gudun da na yi. Ya ce, "Janet, 'yata, ba a ɗaukarsa. Yawunsu ya taɓa ni ya fi sau ɗari, ga ni nan sai furfura." Ya ce kar a sa cokali a baki, kar a danne ta, kar a kwara mata ruwa. A janye bencina, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in ta lafa a juya ta gefe. Akwai ƙwayar da ke rage shi, su kawo ta. Har na juya ya ƙara da cewa, "In ta buɗe ido, ta ga fuskar mutum. Wannan ba a sa shi a akwati."

Na ce to. Kaina ya yarda, cikina bai yarda ba.

Talata, 22 ga Maris

Ignatius ya tsaya mini a rai. Ɗan ƙanwar Mama, can gida wajen Zonkwa. Ina shekara tara abin ya kama shi a ɗakin girki, ya faɗa murhu. Mata suna ƙofa suna kururuwa, ba wadda ta shiga, sai da Kawu ya zo ya jawo shi da ƙotar fartanya. Hannun ya shanye. Daga nan aka ware masa kwano, shi kaɗai yake ci a bayan rumbu har ya rasu. Shi yake goya ni in za mu tsallake rafi. Bayan ƙunar ya sha kirana in zo mu zauna, nakan ce Mama ta aike ni.

Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba.

Alhamis, 24 ga Maris

Na je gidansu Kulu. Na tarar da mahaifiyarta, Inna Maimunatu, tana bakacen shinkafa. Na fara ba da haƙuri ta katse ni. "Malama, ba ni ganin laihinki. Ko matan gidanga gudu sukai, ni ɗai ka tsayawa." Ta ce ba ciwon ne ya hana Kulu fita ba, jiƙewar zanen nan ce a gaban 'yan maza. Ta shiga ɗaki ta fito da wani zane shuɗi a ninke, yana ƙamshin turaren mijinta. "Ki aje mata wanga can. In abin ya zo, a suturta mini ita."

Zan fita na ji muryar Kulu a bayan ƙyaure: "Malama, an kai shafi na nawa?" Na ce talatin da biyu. Sai da na yi nisa da gidan na bar hawayen suka zubo.

Asabar, 26 ga Maris

Na ɗinka matashin kai da tsohon zanena, na cusa audugar rimi. Ya yi kyau. Na yi shi da tsawo fiye da kima, kuma na san dalili: don in iya tura shi daga nesa, hannuna bai kai gare ta ba. Allah ya sani, ni ma na sani.

Litinin, 28 ga Maris

Kulu ta dawo. Babanta ya kai ta wurin Baba Theophilus, an fara ba ta ƙwaya. Na jera matashi da zane da tsumma mai tsabta a kan teburina. Hedimasta ya gani ya ce, "Kayan gaggawa wurinsu akwati, Malama. Nan ɓeraye su cinye." Na yi magana har na gaji. Ya cusa su, ya danne murfi da gwiwa, ya datse kwaɗo.

Lokacin tara ta sha ruwa a gwangwaninta mai jan zare, ta juya wa kowa baya.

Litinin, 25 ga Afrilu

An dawo hutu. Zafi ba a magana. Na koya wa 'yan mata abin da za su yi in abin ya zo: wasu su ja bencina, wasu su kori maza waje, ba ihu. Sun yarda da jan benci. Da na ce wa za ta tsaya kusa, kowa ta sunkuyar da kai. Ban matsa ba. Da wane baki?

Alhamis, 5 ga Mayu

Hedimasta ya tafi taro Gummi tun da safe, makulli na aljihunsa.

Wajen sha ɗaya na ji ƙarar nan. Na ce a ja bencina, na ruga ofis. Akwati a kulle. Ga bakin matashin ya leƙo ta ƙarƙashin murfi, na ja, na ja, ya ƙi fitowa. Na bugi kwaɗon da dutse, ko gezau. Kuma ina jin kanta a siminti, irin na rannan.

Ban san lokacin da na koma aji ba. Na dai ga gwiwoyina a ƙasa, kanta a cinyata. Tana fizga, ina tallabe da ita yadda Baba ya ce, ban danne ba. Yawun ya gangaro a hannuna har gwiwar hannu, da ɗumi. Ina ta kiran sunanta. Sau ɗaya bakina ya ce Ignatius.

Da ta lafa na juya ta gefe. Na ɗaga kai in nemi abin rufa ta, sai na ga Aishatu ta kwance mayafinta, ita da wata sun riƙe shi sun kare mu daga taga. Ba su sauke shi ba.

Kulu ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Malama, tashi, zai taɓa ki." Na ce ya riga ya taɓa, kwanta abinki.

Gaskiya kuma: da na dawo gida na wanke hannun nan da sabulu sau huɗu, har fata ta yi ja.

Juma'a, 6 ga Mayu

Hedimasta ya ji labari. Ya aro sukudireba wurin mai gyaran keke, ya kwance maƙalar kwaɗon gaba ɗaya, ya zuba ƙusoshin a aljihu. Ya ce wai kwaɗon ya yi tsatsa. Kwaɗon wata biyu! Yana fita ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Sannu, Malama."

Litinin, 9 ga Mayu

An kira mu ƙofar mai gari. Halilu ya ce an sa ɗiyarsa tsayawa kan mai ciwo, shi ya gama, ko Kulu ko su. Maiturare, uban Kulu, yana zaune a gefe. Mai gari ya ce, "To, ga Malama nan, yawun ya taɓa ta gaban kowa. Yarinya ta zamna gida hal ruwan shuka shi sauka. In Malama na nan lahiya lau, ta komo, kowa shi kama bakinai. In ko wani abu ya samu Malama, an gama magana."

Wato karatun Kulu yanzu a jikina yake. Ya Ubangiji, ko zazzaɓi kar ka bari ya kama ni.

Talata, 17 ga Mayu

Ban taɓa shan gaisuwa irin ta kwanakin nan ba. "Malama, ya jiki?" Ni da ban ce ba ni da lafiya ba. Mai fura ta daina karɓar kwanona, daga sama take zubo mini. Jiya a aji na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni, na kama tebur, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan. Ashe ban karya ba ne.

Talata, 24 ga Mayu

Kullum bayan an tashi ina kai wa Kulu littafi, mu zauna tabarma ɗaya. Ta wuce 'yan aji da shafi shida. Yau ta kawo mini ruwa a kwanonta, na ce na ƙoshi. Inna Maimunatu ta gani, ta ci gaba da tsince wakenta. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Sama ko alamar hadari babu.

Talata, 31 ga Mayu

Ruwa! Tun azahar har la'asar. Na tsaya a baranda na bar feshi ya jiƙa ni, ina dariya ni kaɗai.

Alhamis, 2 ga Yuni

Rabin aji sun tafi shuka, amma Kulu ta zo, ta riga kowa. Na haɗu da Halilu a hanya da fartanya a kafaɗa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To, mun gani." Aishatu ma ta zo.

Gwangwanin yana nan a ƙusarsa. Hedimasta ya ce a bar shi, alkawari ne aka yi da iyaye. Akwati yanzu a ajina yake kwana, a buɗe. Auduga ta yi rabi, ko ƙorafi Hedimasta bai yi ba.

Litinin, 6 ga Yuni

Zafi ya dawo kamar ba a yi ruwa ba. Lokacin tara yara suka yi cincirindo a randa, moɗa tana ta yawo hannu zuwa hannu, ni kuwa maƙogwarona ya bushe don surutu. Kulu tana gefe ta sha nata ta rage. Na karɓa na shanye. Sai da na sauke na ga jan zaren a yatsana, na kuma ga duk idanu sun dawo kaina.

Kulu ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Aishatu ta miƙo hannu ta ce, "Malama, in kin ƙare."

Ba wani abu ba ne, ƙishi ne kawai ya kama ni. Sai yanzu da nake rubutu na tuna ko baki ban kurkure ba.