Farantin Keken Sila

Zuru, Talata.

Zuwa ga matata, Maman Glory,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Mama? Yaya mutanen Dirin Daji?

Aikin farko yau: cire farantin keke, wato mai haƙoran nan da sarƙa ke hawa. Ga dalili.

Jiya na ɗauki akwatin allurar rigakafin ƙyanda zuwa Tungar Dutse. A hawan nan na bayan rafi sarƙa ta riƙa zamewa, sau bakwai na sauka. Sai ƙarfe biyu na isa da turi. Ƙanƙara ta narke, alamar jikin kwalabe ta yi duhu, wato maganin ya lalace, ba halin yi wa kowa. Mata ashirin da uku sun jira da goyo tun safe. Ga shi ƙyanda ta shiga ƙauyen da ke gaba da su.

Laifina ne. Ranar da na sa sabuwar sarƙa, Dodo mai gyara ya nuna mini haƙoran sun cinye, ya ce sabuwa ba ta zama a kan tsohon faranti. Na rubuta a littafina: "faranti, bayan damina." Jiya a ofis kuwa cewa na yi hanya ce ta ɓaci.

Gladys, shugabar matan, ta ce za su sake taruwa Alhamis, daga nan kowa sai gona.

Dodo ya tafi Ribah, don haka ni na yi aikin. Na buge ƙusar da ke riƙe farantin da guduma, na sa sabon faranti, na ɗaure. Sau uku na kwance don ban yarda da kaina ba. Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Sila

Zuru, Alhamis.

Maman Glory,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Mama.

Farantin ya riƙe. Duk tsawon hawan kunnena na kan sarƙa, ba ta zame ko sau ɗaya ba. Ƙarfe tara na isa, ƙanƙara da sauranta.

Na yi wa yara ashirin da biyu allura. Na sake ƙirga sunaye, sai Gladys ta kai ni ɗakin Joyce. Ɗanta Abel na kwance, jiki zafi, idanu jawur. Ranar Litinin shi ne ke wasa da ƙararrawar kekena. Gladys ta ce wataƙila tun kafin Litinin ya ɗauka. Wataƙila. Joyce ta ba ni ruwa.

Na gobe:
1. Ƙara ɗaure ƙusar faranti.
2. Ɗauko Abel da uwarsa zuwa asibiti.
3. Gaya wa ofis ba hanya ba ce.

Ki huta lafiya.

Naki,
Sila