Kwaltar da Ruwa Ya Kasa Fitarwa

Zuwa ga jikata, Gajeruwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da iyayenki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar kakarki da ke motsawa in an yi ruwa. Gwaggonki ta sauka lafiya, an sami namiji.

Labarin cin jarrabawarki ta ilimin sinadarai ya iso. Don murna, da takalmi ƙafa ɗaya na fita ina gaya wa tela da mai gyaran rediyo. Kakarki ta ce in na gama yawon, in dawo in nuna mata tawa takardar shaidar.

Bayanin da kika rubuto mini sau uku na karanta shi, ina bi da yatsa, kin san sai da na haura hamsin na shiga ajin yamma. Kin ce a duba yadda ƙwayar abu take. In cajin lantarkinta ya karkata gefe guda, kamar ruwa da sukari, to mai karkata ce. In kuwa sinadaran kabon da haidirojin ne zalla, kamar kananzir da kwalta, babu karkata. Kuma kowanne a cikin irinsa yake narkewa. Na gwada a bayan shago da kofi biyu. Sukari ya ɓace a ruwa, a kananzir ya zauna daram. Da na saka ɗigon kwalta a kananzir, nan take ya baje. Sai murnar ta koma mini ciki, na nemi benci na zauna.

Bari in gaya miki abin da na san babanki bai taɓa gaya miki ba. Yana ɗan shekara ashirin, muna wanki da guga tare, wani direba ya kawo farar kwat da kwalta a hannunta. Babanki ya ce ruwa ba zai fitar ba, a fara dangwala kananzir, malaminsu ya nuna musu dalili. A gaban ma'aikata ya faɗa, sai na ji kamar ya raina ni. Na ce shekara talatin ina wanki, ɗan da na haifa ba zai koya mini ba. Na sa burushi da ruwan zafi na yi ta dirza har hannun ya yage. Da direban ya zo yana faɗa, na nuna babanki na ce aikinsa ne. Ya tsaya aka zage shi. Sati bai cika ba ya haɗa jakarsa. Tun daga ranar, yana gaishe ni, yana aiko da saƙo, amma bai sake zama ya yi hira da ni ba.

Na daɗe da sanin na yi masa ƙarya, amma ina lallashin kaina cewa a batun kananzir dai ni ke da gaskiya. Yanzu 'yarsa ta ƙwace mini wannan ma. Na ɗauki alƙalami in rubuta masa, na kasa, na ajiye. Don Allah, in ya ci abinci ya huta, ki zauna kusa da shi ki karanta masa wannan daga inda na ambaci direba. Ki ce tsohon ya ce shi ne da gaskiya, kuma yana neman gafara. Duk abin da ya ce, ko da shiru ne, ki rubuto mini yadda yake, kada ki gyara.

Ki gaida mamanki da ƙannenki. Kakarki, gwaggonki da kawunki makaniki suna gaishe ki.

Ni ne kakanki mai jiran amsa,
Tsohon mai guga