Wakilinku Ya Zo Kudai a Zulƙida, Bai Fito Daga Mota Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zaɓen Sababbin 'Yan Wasa na kulob ɗin ƙwallon kwando na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da iyalinka da sauran 'yan kwamiti, da fatan an sauke hidimar Hajji lafiya.

Sunana Haruna, walda nake yi a unguwar Kudai, kuma ni ne kocin samarinmu na ƙwallon kwando. A nan Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Na rubuto maka da Hausa ne ba don Larabci ya gagare ni ba. Na san kai ma ɗan gida ne, a unguwar Ka'akiyya ka tashi, kuma da wannan harshen kakarka take yi maka faɗa. Ni ma faɗan zan yi, amma cikin ladabi. Ban kama sunanka ko na kulob ba, domin ba tozarta kowa nake nema ba.

Maganata a kan saurayi ɗaya ce, Usman, ɗan maƙwabcina Malam Sani direban bas. Shekararsa ashirin da ɗaya, ɗan ƙasa ne, takardunsa cif. Bisa ƙa'idar da ku kuka gindaya, bana ce shekararsa ta ƙarshe ta shiga jerin matasan da kuke ɗauka zuwa babbar tawaga. Kun soke sunansa ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinku ya ga ƙwallo a hannunsa ba.

Na farko, bari in gaya maka inda muke wasa, tunda wakilinka bai iya gaya maka ba. Ba mu da zauren wasa. Filinmu wurin ajiye bas-bas ɗin alhazai ne, bayan shagona. Shekara goma sha biyu ke nan da na nemi izinin masu wurin, suka ce mu yi amfani da shi idan ba mausim ba, wato lokacin cikowar alhazai. Da hannuna na ƙera sandunan kwanduna biyu, na dasa kowace a cikin tsohuwar tayar bas, na cika ta da siminti, yadda za mu iya karkatar da ita mu gangara da ita. Da zarar Ramadan ya gabato sai mu tura su bayan shago mu rufe da tamfol, bas-bas su karɓi wurinsu. Haka za a yi ta yi har ayarin ƙarshe na alhazai ya tashi. Samarin ma ba sa nan a lokacin: wannan yana raba ruwa, wancan yana jagorar motoci a Muzdalifa, wani yana taimakon mahaifinsa a shago. Sai Muharram ta shigo mu share dattin mai, mu sake shafa fenti a kan layuka, mu dawo wasa bayan La'asar. Wannan kowane ɗan Kudai ya sani, har tsohuwar da ba ta taɓa ganin ƙwallon kwando ba.

Na biyu, a watan Rajab na cike takardarku ta gabatar da ɗan wasa. A gurbin da kuka ce a rubuta lokacin da ya dace a zo kallo, na rubuta da manyan haruffa cewa a zo kafin Ramadan ko bayan Hajji, na kuma faɗi dalili. Duk Rajab da Sha'aban muna jira. Usman ya riƙa zuwa fili da rigarsa a wanke, duk motar da ta rage gudu a bakin ƙofa sai ya waiga. Ba wanda ya zo.

Wakilinku ya tashi zuwa sai a ƙarshen Zulƙida, lokacin da ko akuya ba za ta sami wurin kwanciya a filin nan ba. Ni ina shago ban ma sani ba. Baba Idi mai gadin wurin ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce wata farar mota ta tsaya, mai ita ya tambaya ko nan ne filin ƙwallo, shi kuma ya amsa masa da cewa nan ne, kuma kocin yana bayan katangar nan, taku ashirin. Abin da Baba Idi ya faɗa mini, da bakinsa: "Wallahi ya Haruna, ma nizil, bai sauko ba. Ko gilashin bai gama saukewa ba, wai harr, zafi ya yi yawa. Ya ɗaga jawwal, wayarsa, ya ɗauki hoton bas-bas, khalas, shi ke nan, ya ja motarsa." Zafin da ya hana shi taku ashirin, a cikinsa yaranmu suke gudu awa biyu a kan kwalta.

Bayan sallah saƙo ya shigo wayata daga ofishinka, layi biyu: an ziyarci adireshin da aka bayar, ba a sami fili ko ƙungiya ba, an rufe fayil. Na karanta shi sau uku a tsaye, fuskar walda tana rataye a goshina. Ranka ya daɗe, takaici na ji, amma ƙyama ta fi yawa. Ina ƙyamar aikin da mutum zai yi daga cikin sanyin mota ya kashe wa ɗan mutane shekara goma na wahala, ya koma ofis a ce masa sannu da aiki. Kuma a fakaice an ce ni maƙaryaci ne, na ƙirƙiro ƙungiyar da babu ita. Da furfurata da komai. Mutumin nan an ce shi ma a Makka ya girma. Wanda ya girma a Makka ya zo Kudai a Zulƙida yana neman fili fanko, ko dai bai karanta takardata ba, ko kuma dama abin da yake so ya gani ke nan.

Na uku, ga abin da da ya gani in da ya zo a kan lokaci. Usman ba dogo ba ne, ba zan ɓoye maka ba, kuma na san ku tsawo ne yake ruɗar ku. Amma ina kallon wasanninku duk kakar da ta wuce, ni da kai mun san ciwon tawagarku. Kuna fara wasa da kyau, sai zangon ƙarshe ya zo ƙafafu su mutu, a matsa wa mai riƙe muku ƙwallo ya yar da ita, a ci ku. Dogayen nan biyu da na ji kun ɗauko saboda bidiyon da aka turo muku, Allah ya ba su sa'a, amma kocinku da kansa ya ce sai sun yi shekara biyu suna koyo. Ku kuwa yanzu kuke buƙatar mutum. Usman yana riƙe ƙwallo mutum biyu a kansa bai firgita ba. Yana ganin abokinsa kafin abokin ya san ya kuɓuta. Idan ya manne wa ɗan wasa, sai dai a canja ɗan wasan. Gajiya kuwa, a ranar da wakilinku yake ɗaukar hoton bas, Usman yana Harami da katin izininsa a wuya, yana tura tsofaffi a keken marasa ƙarfi tsakanin Safa da Marwa, sahu bayan sahu. Wanda ya yi wata biyu yana wannan, minti goma na ƙarshen wasa ba za su kayar da shi ba. Yana da aibi: jifarsa daga nesa ba ta zauna ba tukuna, kuma idan alƙalin wasa ya cuce shi fuskarsa ba ta iya ɓoyewa. Waɗannan gyaruwa suke yi.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne mahaifinsa. Malam Sani ya daɗe yana cewa wannan wasa ɓata lokaci ne, ni nake ba shi haƙuri, ina cewa ya bari kwamiti ya gani tukuna. Da saƙonku ya zo ban iya haɗa ido da shi ba. Ya riga ya yi wa Usman magana a kamfanin da yake tuƙi, an ce ya kawo lasisinsa. Na roƙe shi, ya ce saboda girman maƙwabtaka ya ba ni zuwa ƙarshen Safar, daga nan ba ya son ya sake jin zancen ƙwallo a gidansa. Ban ga laifinsa ba. Usman kuwa bai fasa zuwa fili ba. Ranar da muka fito da kwandunan shi ya fara kama tsintsiya, shi ya shafa fentin layuka, kuma har yau yana waigawa idan mota ta rage gudu.

Don haka ina roƙon abu uku. A sake buɗe fayil ɗinsa, domin an rufe shi a kan rahoton da ba gaskiya ba. A turo wanda zai zo kafin Safar ta ƙare, kowace rana bayan La'asar, ya kashe motarsa ya fito. Zan ajiye masa kujera a inuwar shago da ruwan sanyi. In kuwa Kudai ta yi muku nisa, ku ba mu rana ɗaya a zaurenku, ni zan kawo shi, ku haɗa shi da wanda kuka fi ji da shi. Idan kun gan shi kuka ce bai isa ba, wallahi zan karɓa, ni zan raka shi kamfanin bas da kaina. Ba cewa nake a ɗauke shi ba, cewa nake a kalle shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da wannan kujera da mutunci, ya haɗa ka da ma'aikata masu tsoronsa, ya raya maka zuriya a ga abin da suka iya kafin a yanke musu hukunci.

Idan ba ku zo ba, ku gaya wa wakilinku ya dawo baɗi a Zulƙida kamar yadda ya saba, ba sai ya sauko ba. A wannan karon zai ga Usman. Ya duba bayan sitiyarin ɗaya daga cikin bas-bas ɗin, an faka ta a kan layin da ya shafa wa fenti da hannunsa.

Wassalamu alaikum.

Haruna mai walda,
Kudai, Makka.