Ruwan Majema da Lambun Yahuza

Zuwa ga ƙanena Yahuza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Muhibba da yara. Ni ma lafiya nake, sai dai gwiwoyina ba sa son hawan tudun unguwar Mpape a nan Abuja, amma da sauƙi.

Ka san an gayyato ni Abuja a matsayin tsohon majemi, in haɗa kai da injiniyoyi da masana sinadarai, domin a ƙera na'urar tace ruwan jima. Shekaranjiya wata masaniya, Dakta Surayya, ta auna ruwan da na ɗebo daga magudanar majemata. Ta ce, "Baba, duk shukar da ta sha wannan ba za ta rayu ba." Na kasa ɗaga kaina.

Shekara shida ke nan da ka ce ruwana ne ya ƙone maka lambu. Na tara dangi, na ce raini ne, na sa ka durƙusa ka ba ni haƙuri. Ashe kai ne mai gaskiya.

Na roƙe su a fara kafa na'urar a bakin lambunka, sun amince. Suna buƙatar su auna ƙasar wurin, sai ka ɗebi kaɗan ka ba wani direba ya kawo mini tashar motar Jabi.

Don Allah ka tara mini mutanen da na tara waccan ranar. Juma'a mai zuwa zan iso, kuma a gabansu zan nemi gafararka.

Allah Ya bar zumunci.

Yayanka,
Zakariyya