Ke Nesa, Ni Kusa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda 'ya ke yi wa uwa tana durƙushe, ina fatan makwancinki a Kebbe yana da yalwa da sanyi. Ni ce Asabe, wadda kike cewa da hanci take karatu. Na rubuto ne in sanar da ke an taɓa mini idanu, in kuma ba ki amsar wata tambaya da kika yi mini tun ina 'yar shekara tara.

Kin tuna yammar da muka tsaya a tsakar gida muna duban watan azumi ta saman danga? Shekarun nan ne da aka raba jiha, kuɗin mai ya shigo, har Baba ya sayo rediyo. Kowa na nuna yamma da yatsa, ni kuwa ja da toka-toka kawai nake gani sun narke cikin juna. Don kada a bar ni a baya, na ce ni ma na gan shi. Kika sunkuyo kika ce, "To, ƙahonnai ina sunka dosa?" Ba ki tona ni ba, kika riƙe hannuna muka shiga ɗaki.

Washegari kika miƙo mini allura da zare. Idonki yana rarrabe saniyarmu cikin garke tun daga bakin fadama, amma kafar allura ta gagare ki. Na kawo ta dab da hancina, zare ya shige a tashin farko. Kika yi dariya kika ce, "Shi ke nan, mun raba. Ke ad da kusa, ni ad da nesa." Daga ranar ke ke faɗa mini wanda ke tafe a hanya, ni ke saka miki zare da tsince tsakuwa cikin shinkafa.

Fuskarki ma a gutsure na san ta, lokacin da kike ranƙwafowa ki sa mini kwalli. Na san tsagen kumatunki da ɗigon baƙin nan na ƙasan idonki na hagu. Amma ban taɓa ganinki dukanki kina tsaye a bakin ƙofa ba. Kin rasu da damina, ni kuma da kaka na tafi makarantar horon malamai a Sakkwato, aka gwada ni aka ba ni tabarau. Ranar na gano ashe itace ganye ɗai-ɗai gare shi. Na fashe da kuka, mai gwajin ya ɗauka murna ce. Ke nake tunani, Inna, da 'yan watannin da suka raba ki da wannan gilashin.

Shekara talatin da wani abu na yi ina ɗauke da shi, mai kauri kamar gindin kwalba. Ɗalibaina a Tambuwal suka sa mini suna Malama Ido Fuɗu, suna zaton ban sani ba. Na ga jinjirin wata ta cikinsa ba sau ɗaya ba, amma raina bai taɓa lissafa shi a gani ba, aro nake ɗaukarsa. Sai ranar da tabaran ya faɗi daga fuskata a kan babur a hanyar Jabo, ana ruwa, na tsaya ina laluben taɓo. 'Yata takwararki, wadda muke kira Ummi, yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Ita ta kafe sai an kai ni birni an yi mini aikin ido na leza.

Likitan mutum ne marar gaggawa. Ya auna kaurin fatar nan mai sheƙi ta gaban ido, ya ce da siririya ce da bai taɓa ni ba. Ya ce haske ne ke kankare ta kaɗan don a gyara lanƙwasarta, ba a sa mutum barci, magani ake ɗigawa idon ya mutu. Bai ɓoye mini komai ba. Ido kan bushe na wani lokaci, fitilu kan yi zobe, jefi-jefi ƙwayar cuta kan shiga ko a sake aikin, wani ma sai ya ci gaba da ɗan tabarau marar kauri. Duk na gyaɗa kai, ban ji ko ɗar ba.

Sai ya ƙara wata magana yana tattara takardu. Wai a shekaruna, in aka gyara duka biyun suka ga nesa, ganin kusa zai tafi, sai da tabaran karatu zan iya saka zare. Na ajiye biron ban sa hannu ba. Ummi ta ɗauka tsoron makanta ne, ta yi ta lallashina a mota. Ta ina zan fara gaya mata cewa rabona ne za a karɓe, wanda kika ba ni da bakinki, kuma shi kaɗai ne aikin da na taɓa yi miki?

Sati biyu ina juya abin. Kullum bayan la'asar in fito da gwangwanin allurarki, in cire tabarau, duniya ta narke ta bar ni da kafar allura. A cikin narkewar nan nakan ji kamar kina zaune gefen tabarma kina jiran in miƙo miki. Ina son in ga abin da kike gani, kuma ba na son in daina zama wadda kike jira.

Da na koma, na cire kunya na ba likita labarin allura. Bai yi dariya ba. Ya ce ana iya gyara ido ɗaya ya ga nesa, a rage wa ɗayan ɗan kusansa, sai dai ba kowane kai ke karɓa ba. Ya manna mini wasu siraran gilasai a kan idon na 'yan kwanaki don gwaji. Da farko ƙasa ta riƙa yi mini lilo, ina taka dokin ƙofa kamar mai tsallake rijiya. Kafin sati ya cika kaina ya saba, na koma na sa hannu.

Aikin bai kai daɗewar dama fura ba. Na kwanta ina kallon wani ɗigon haske, ina salati a zuci, ƙauri na tashi kamar ana babbakar kan rago. Fitilun ɗakin suka koma ruwa-ruwa, irin sararin yammar nan tamu. Da safe na karanta agogon bango da idona. An hana ni murza ido, an hana ni kwalli makonni, na yi ta yawo fayau kamar marar lafiya. Da kin gan ni da kin yi faɗa.

Ba zan yi miki ƙarya karo na biyu ba. Har yanzu idon kan bushe, maganin ɗigawa na cikin jakata duk inda na je. Fitilar mota da magariba tana zuwa da zobe. Kusan ma ba kamar da ba, zaren sai na gwada sau uku yake shiga, amma yana shiga.

Ranar duban watan azumin bana na je Kebbe. Danga ta zama katanga, amma na gane inda muka tsaya. Na rufe idon hagu, wanda aka bar mini, na duba da na dama, wanda nake kira naki. Sai ga shi siriri a saman giginya. Inna, ƙahonnin sama suka dosa, kamar ƙoƙon da aka tara, ɗayan ya ɗan karkata wajen kudu. Na faɗa a fili, matar ƙanena ta waiga tana neman wadda nake wa magana.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da alheri kan rufin asirin da kika yi mini a yammar nan. Allah ya haɗa mu a gidan da ido ba ya gajiya, in hango ki dukanki tun daga bakin ƙofa, sannan in matso kusa.

Taki har kullum,
Asabe, mai saka miki zare.