An Bar Baba a Masauki

Kurfi, Litinin

Zuwa ga ɗiyata Nana Hadiza,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidanki. Na rubuto ne don kada ƙanenki Mutawakkil ya ji mu a waya. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji huɗu boko ta sake ni.

Da ya zo hutu na leƙa wasan Japan ɗin nan da yake yi a kwamfutarsa, na mutane masu idanu kamar faranti da gashi shuɗi, suna yaƙar dodanni. Ashe shi ke raɗa musu suna. Na ga uwarku Ma'u tana warkar da mayaƙa. Na gan ki da kwari da baka. Har Sabitu mai shayi yana da takobin da ya fi shi tsawo. Ni kuwa, wani tsoho mai ƙaton ciki an rubuta masa "Baba", yana zaune a masauki da sanda. Har hutun ya ƙare ban ga an fita da ni ba.

Cikin ban musa ba, nawa ne. Amma me na yi wa yaron nan? Ko tunda ya shiga jami'a kunyata yake ji? A gidanki yake zaune, ki bincika mini a hankali.

Mahaifinki,
Hudu

Dutsin-Ma, Laraba

Baba,

Allah ya ƙara girma. Na tambaye shi, ya ce wasa ne kawai, kada ka sa a ranka. Muna gaida Inna.

Hadiza

Kurfi, Alhamis

Hadiza,

Ina gaisuwa. Amsar nan gajera ce kamar wandon aro. Ke da ba ki iya gaisuwa a layi biyu ba? Kun haɗa baki. Idan ya ce ni matsoraci ne saboda karen nan da ya kore ni a Zobe, ki gaya masa karen ba ƙarami ba ne.

Hudu

Dutsin-Ma, Asabar

Baba,

Barka da war haka. Ya hana ni faɗa, amma ga shi. A wasan, wanda ya faɗi a yaƙi ba ya dawowa. A da kai ne a gaba da gatari, ya nuna mini. Tun daga kwanciyarka asibiti bara ya mayar da kai masauki. Ya ce ba zai iya kallo ba.

Ɗiyarka,
Hadiza

Kurfi, Lahadi

Hadiza,

Na gaishe ku. Na karanta, hayaƙin murhun uwarku ya dame ni a ido.

Ki ce ya zo Juma'a da kwamfutar, ya mayar mini da gatarina. Ya tsayar da ni kusa da Ma'u, ta saba. Sabitu kuma kada ya ji cewa shi ba a tsoron rasa shi.

Allah ya yi muku albarka.
Hudu